Igiyar Baba a Zauren Jin Ra'ayi

Kafin ku cika mini ƙasan rubutun nan da zagi, ku bari in faɗa da bakina: na ɓoye takardar mahaifina. Ba ɓata ta yi ba, ba mantawa na yi ba. Da hannuna na ninke ta gida huɗu, na tura ta can ƙarshen durowar teburina a ofis, na danne ta da tsofaffin fayil. To ku gyara zama ku ji yadda aka yi, in ya so sai ku yanke mini hukunci.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ce Auta a gidanmu, kuma ina aikin buga takardu a ofishin kwamitin majalisa mai kula da albarkatun ruwa. Wata uku ke nan ba mu da zance sai na ƙudirin sabuwar dokar ruwa ta ƙasa: wa zai haƙa rijiya, wa zai huda burtsatse, zurfin nawa, da izinin wa. Kafin a zartar da ita sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a. Ƙa'idar ba ta da wuya. Duk mai son magana ya kawo bayaninsa a rubuce mako guda kafin ranar, a sa sunansa a jeri, ranar zama a ba shi minti biyar. Ni ce mai karɓar takardun, ni ce mai buga jerin, ni ce kuma mai riƙe 'yar ƙararrawar da ake kaɗawa idan lokacin mutum ya cika.

Babana kuwa mai haƙa rijiya ne. Shekara arba'in da ɗaya yana shiga cikin ƙasa da diga da bokiti, har jar ƙasa ta zauna masa a ƙarƙashin farce, ba sabulun da ke fitar da ita. Da kuɗin rijiya aka yi mini makaranta. Na sani, ba sai kun tuna mini ba.

Sai Allah ya haɗa ni da Injiniya. Ma'aikatar ruwa ce ta turo shi ya taimaka wa kwamitinmu da alƙaluma. Dogo ne, mai gilashi, mai sanyin magana, kuma ko biro zai ara sai ya ce don Allah. Wata bakwai muna tare, kuma duk wata bakwai ɗin a falon Gwaggo yake samuna, don ita ce mai tayil da labule mai nauyi. Ranar da ya fara tambayata sana'ar Baba, na ce zan shiga in kawo masa ruwa, na ruga kicin wurin Gwaggo.

"Ke dai ba ki da wayo," in ji ta, tana goge kofi. "Ki ce ɗan kwangilar ruwa ne. Ƙarya kika yi? Ba kwangila ake ba shi ba? Ba ruwa yake fitarwa ba?"

Haka na fita na faɗa masa, har ina gyara mayafi. Ya ce, "Ashe ma ɗan gida ne, lallai za mu sha hira." Tun ranar hankalina bai sake kwanciya ba.

Umma kuwa ta sa ni gaba. Ina shan shayi, tana kaina. Ina guga, tana kaina.

"Auta, wannan wane irin nema ne da mutum bai san ƙofar gidanku ba? Ko a falon Gwaggonki aka haife ki?"

"Umma, aiki ne ya yi masa yawa."

"Aiki ya hana shi gaida ubanki, amma bai hana shi kiranki sau bakwai a wuni ba. Ki kawo shi, ko ni in je ofishin naku in gaishe shi."

Wata ranar Asabar da la'asar, Baba yana zaune a kan benci a tsakar gida, rediyonsa a kan gwiwa, sai ya kira ni.

"Auta, na ji an ce gwamnati na son jin bakin kowa a kan ruwa. Da gaske ne, ko irin maganar rediyo ce?"

"Da gaske ne, Baba. Amma sai an rubuta."

"To ai ga marubuciya Allah ya ba ni. Ɗauko takarda."

Na ɗauko. Ya kalli rijiyar tsakar gidanmu, wadda ita ce ta farko da ya haƙa a rayuwarsa. Sannan ya ce, "Rubuta. Ni mai haƙa rijiya ne. Ruwa yana gudu ƙasa. Ina da shaida."

"Shi ke nan, Baba?"

"Sauran a baki."

Ya goga tawadar biro a babban yatsansa, ya dangwala a ƙasa. Ranar Litinin na tafi da ita ofis. Na ajiye ta a kan tebur, na dube ta, na hango Baba a zuciyata da hularsa da ta koɗe a gaban Injiniya, yana cewa ga 'yata can. Sai na ninke. Da na dawo gida na ce masa jeri ya cika, mutane sun yi yawa. Ya dube ni, ya ɗan daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To, Allah ya sa haka shi ya fi alheri." Ya ƙara ƙarar rediyonsa.

Ranar zama na tashi da wuri. Na sa doguwar riga ruwan toka mai aiki a wuya, mayafi fari, da takalmin nan mai tsini da ke cin diddige amma yake ƙara mini tsawo. Ina shafa hoda saƙon Injiniya ya shigo.

"Yau zan yi bayani gaban mutum ɗari biyar, ki sa ni a addu'a. Kuma Mama ta ce in tambaye ki yaushe za mu zo gaida Baba. Ta ce ta gaji da jin labarinsa a bakina."

Na rubuta, "Allah ya ba da sa'a. Za mu yi magana." Na sa hoton fure, don kada ya ga kamar gudu nake yi.

A tsakar gida na tambayi Umma ina Baba. Ta ce ya fita tun da sassafe da buhu a kafaɗa. Na ce a raina aiki ya samu, har na ji daɗi.

Jama'a, ban taɓa ganin zaure irin wannan ya cika ba. Kujeru ja jeri-jeri suna hawa sama, fitilu a rufi kamar an zuba, sanyin na'ura yana ratsa mayafi. A gaba dogon tebur, Shugabar kwamiti a tsakiya, dattijuwa mai gilashi a kan hanci wadda ko tari ta yi sai an nutsu. Ni ina gefe a ɗan teburina da jeri da ƙararrawa. Masunta sun zo, mata masu noman rani sun zo, makiyaya, lauyoyi da jakunkuna, wakilan kamfanonin ruwan roba da turarensu. Na daɗe ina buga kalmar "jama'a" a takarda, amma sai ranar na gan su da idona. Wata mata ta ce tana tafiyar awa biyu kafin ta cika jarka ɗaya, ta faɗa ba kuka, ba ɗaga murya, zauren ya yi tsit. Sai da na daure kafin na kaɗa mata ƙararrawa.

Da aka zo kan Injiniya, ya tashi cikin kwat baƙa, ya haska zane a bango. Ya yi bayanin sashe na goma sha biyu, wanda zai bar duk mai lasisi ya huda burtsatse mai zurfi ko da a tsakiyar unguwa ne. Ya ce awon da ma'aikata ta yi ya nuna ruwan ƙarƙashin ƙasa bai ja baya sosai ba. Shugaba ta tambaye shi awon na shekara nawa ne.

"Biyar, ranki ya daɗe. Kafin nan ba mu da komai a rubuce."

Wakilan kamfanoni suka tafa. Ni ma na tafa a ƙarƙashin tebur, ina jin kaina kamar matarsa.

Wajen ƙarfe uku jeri ya ƙare. Shugaba ta cire gilashi za ta rufe zama, sai hayaniya ta tashi a ƙofar baya. Mai gadi ya tare wani tsoho, tsohon kuma bai ture shi ba, bai kuma koma ba. Na ɗaga kai. Farar rigarsa ce ta fita unguwa, wadda Umma ke ajiyewa a ƙasan akwati, da buhu a kafaɗa. Wallahi Baba ne.

"Ku bar shi ya ƙaraso," in ji Shugaba. "Baba, sunanka yana cikin jeri?"

"Babu, ranki ya daɗe."

"Ka kawo takarda?"

Tsakaninmu bai fi taku goma ba. Ina jiran ya juyo ya nuna ni, har na fara jin yadda ƙasa za ta tsage in shige. Bai ko kalli inda nake ba.

"Takarda ba ta iso ba," ya ce. "Amma ni na iso."

Zaure ya kwashe da dariya, har Shugaba ta murmusa. Wani lauya ya miƙe zai yi maganar ƙa'ida, ta ɗaga masa hannu. "Jin ra'ayin jama'a muka zo yi, ga jama'a. Baba, minti biyar."

Baba ya sauke buhu ya zazzage. Igiya ce, tsohuwa, ta yi baƙi, da dutse ɗaure a bakinta. Na san ta. Tun ina yarinya nake ganinta a cikin wata garwa mai murfi a ɗakinsa, an hana mu taɓawa, kuma ban taɓa tambayar ta mece ce ba.

"Ina son mutum ɗaya ya riƙe mini dutsen nan," in ji shi.

Ba wanda ya motsa. Sai Injiniya ya sauko daga kan dogon teburin, ya karɓi dutsen da hannu biyu.

"Ɗana, ka tsaya nan, kai ne ruwa," in ji Baba. Aka sake dariya. Ya fara tafiya da baya a hanyar tsakiyar zaure, yana sakin igiya, yana magana ba lasifika, amma ana jinsa har sama.

"Akwai rijiya a gidana, ita na fara haƙawa. Kowace shekara, idan rani ya kai ƙarshe, kafin ruwan farko ya sauka, ina sakin dutsen nan har in ji ya taɓa ruwa. Inda igiya ta tsaya a bakin rijiya, sai in ɗaura 'yar fata. Shekara ɗaya, fata ɗaya. Ban taɓa tsallakewa ba, ko shekarar da na karye a ƙafa, ɗaukata aka yi aka kai ni."

Ya tsaya a tsawon gaba shida daga dutsen, ya ɗaga igiyar. "Ga shekarar farko."

Fatun suna nan a jere, sun matsu da juna, tsakanin wannan da wannan bai wuce yatsa biyu ba. Ya bi su yana faɗa. Wannan shekarar an yi fari, kun ga ta ɗan matsa. Wannan an yi ruwa, ta dawo baya. Shekara ashirin da biyar duk suna cikin kamu biyu.

Sai ya ja baya taku guda. "Nan aka huda burtsatse na farko a bayan unguwarmu." Ya ƙara taku biyu kafin ya kai fata ta gaba. "Nan aka gina masana'antar ruwan roba." Ya ƙara uku. Ya ƙara huɗu. Dariya ta ɗauke. Mutanen da ke bakin hanya suka fara miƙa hannu suna tallafe igiyar don kada ta taɓa ƙasa, masunci ya riƙe, mai noman rani ta riƙe, har wani mai kwat daga cikin 'yan kamfani na gani ya sa hannu. Baba yana ta ja da baya, yana ƙanƙancewa a idona, har ya kai ƙofa. Mai gadin da ya tare shi ɗazu shi ya buɗe masa ƙofar da kansa. Baba ya fita waje cikin rana, daga can muka ji muryarsa.

"Ga bana. Gaba goma sha bakwai. Sau huɗu ina sake shiga ina bin ruwan nan da diga, yanzu ƙarfina ya ƙare. Ni ban iya doka ba. Amma wanda zai rubuta ta, ya zo ya ga inda ruwa ya tafi."

Na kalli agogo, minti goma sha ɗaya. Ƙararrawa tana hannuna, na manta ma da ita. Mutum ɗari biyar a tsaye, ba mai tari, suna kallon igiyar da na girma ina wuce ta kullum. Shekara arba'in da ɗaya mutumin nan yana rubutu, ni da nake taƙama da buga takardu ban san rubutu yake yi ba.

Injiniya ya miƙa wa wani mutum dutsen ya riƙe, ya zaro tef daga aljihu, ya durƙusa da kwat ɗinsa a ƙasa yana aunawa. Da Baba ya dawo ciki, ya ɗago ya ce, "Baba, igiya ai tana miƙewa idan ta tsufa."

"Wadda ake jan ruwa da ita ke miƙewa, ɗana. Wannan sau ɗaya take fita a shekara. Kuma kafin in saka ta sai na gwada ta da ƙarfen murfin rijiya, in ga ko ta canza."

Injiniya ya miƙe ya fuskanci tebur. "Ranki ya daɗe, awona na shekara biyar ne, kuma na fara shi bayan ruwan ya riga ya gudu. Nasa na arba'in da ɗaya ne. Ina roƙon a dakatar da sashe na goma sha biyu har mu auna rijiyar nan da makamantanta."

Zaure ya ɗauki tafi. Shugaba ta buga tebur, ta ce an karɓi igiya a matsayin shaida, amma sai an rubuta bayanin kowace fata. Ana cikin haka Injiniya ya nuna wani wuri a cikin matsattsun fatun nan.

"Baba, wannan fa? Duk fata ne, ita kaɗai ce ƙyalle rawaya."

Baba ya shafa ƙyallen da yatsa. "Shekarar da aka haifa mini autata ce. Na rasa fata a kusa, sai na yagi bakin zanen goyonta. Uwarta ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba." Aka yi dariya. "Ita ce mai ilimin gidan. Tana aiki a wani babban ofis."

Ko a nan bai kalle ni ba. Rufa mini asiri yake yi, a gaban mutumin da na ɓoye shi saboda shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ƙararrawa ta faɗi ƙasa ta yi ƙara, kowa ya juyo. Na jawo lasifikar teburina.

"Ranki ya daɗe, ni ce autar. Mahaifina ne." Na dubi Shugaba. "Kuma takardarsa ta iso. Tana cikin durowata, ni na ɓoye ta."

Shugaba ta mayar da gilashinta, ta dube ni ta samansa. Sannan ta ce, "Ki je ki ɗauko ta, a sa ta ta farko a kundi. Kuma ke za ki zauna da shi ki rubuta fatun nan ɗaya bayan ɗaya. Sauran maganar ni da ke ce a ofis."

Na cire takalmin mai tsini a bakin matakala na ruga. Da na dawo da ita, duk ta yi layin ninki, mutane sun kewaye Baba suna miƙa masa hannu. Ya hango ni, ya ce, "Auta, kama mini nan mu naɗe." Shi ke nan abin da ya ce. Na kama, muna naɗewa, hawaye na zuba a kan igiyar, yana cewa in kula kada in jiƙa masa ita.

Injiniya kuwa ya raka Baba har bakin titi, ya ɗaukar masa buhu, ya tsayar mana da mota, ya rufe ƙofa. Bai kalli gefen da nake zaune ba.

Mun isa gida kafin magariba. Umma ta ji labari tun a waya, tana tsakar gida tana tafa hannu. "Yau ga tsoho ya tsayar da doka da igiya! Ke kuma, Allah ya shirye ki, ni ba zan ce komai ba." Ta ce ba za ta ce komai ba, amma sai da ta yi rabin awa tana faɗa. Gwaggo ta kira sau uku, ban ɗauka ba.

Ina zaune a bakin gado da rigar fitata ban ko cire ba, waya ta yi ƙara. Saƙon Injiniya ne.

"Na roƙi Baba izinin zuwa auna rijiya gobe ƙarfe takwas, ya ba ni. Yau na ga mutumin da zan yi alfahari in kira suruki. Amma tun a zaure nake tambayar kaina abu ɗaya. Idan kika iya ninke irin wannan mutumin gida huɗu kika sa a durowa, ni ranar da na ba ki kunya gida nawa za ki ninke ni?"

Na karanta sau biyar. Na rubuta "ka yi haƙuri", na goge. Na rubuta "tsoro na ji", na goge. Ina son mutumin nan, jama'a, ina son shi har cikin raina.

Sai Baba ya ɗaga labule, tsintsiya a hannunsa.

"Auta, gobe muna da baƙo. Ki share bakin rijiya." Ya miƙo mini, ya juya zai fita, sai ya tsaya. "Ya tambaye ni ko in ya zo zai same ki a gida, ko kina gidan Gwaggonki. Na ce masa wannan ban sani ba, sai dai ya zo ya gani."